Kwale-kwalen Da Ban Mayar Ba

Ku yi haƙuri da shirun kwana tara da na yi muku, jama'a. Na ga saƙonninku duka, har da na baiwar Allahn nan da ta rubuto cewa in dai ba naman daji ne ya cinye ni ba, to in ji tsoron Allah in fito in ƙarasa labari. Babu abin da ya cinye ni, 'yar uwa. Inda na shiga ne waya ba ta da wani amfani sai duba lokaci. Yanzu haka ina zaune a wani ɗan masauki a bakin titi, ƙafafuna cikin robar ruwan ɗumi, safana huɗu na shanye a jikin taga suna tashin wari, kuma yau zan faɗa muku abin da na shekara goma sha biyu ina ɓoyewa.

Ga wanda yau ne ya fara leƙo mu, sunana Tuva, shekarata talatin da ɗaya, ungozoma ce ni a garin Umeå. Na ɗauki hutun wata shida daga aiki, na goya jaka mai nauyin kilo goma sha bakwai, na kama Hanyar Sarki daga kudu na nufi arewa, tafiyar sama da kilomita ɗari huɗu a ƙafa cikin duwatsu. Abokan aikina sun ɗauka gajiya ce. Mama ta ce tsabar taurin kai ne. Gaskiyar magana gudu na yi, domin wani bawan Allah mai suna Arvid ya nemi in aure shi, na rasa amsar ba shi.

Arvid mai gyaran piyano ne, ɗan Malmö, can kudu inda ƙasa take shimfiɗe kamar faranti. Mutum ne da in ya hau bene hawa uku sai ya tsaya ya ce wai gari yake kallo. Hannunsa ya fi nawa laushi, kuma lallaɓa shi yake yi ba da wasa ba: man shafawa a kowane aljihu, safar roba in zai taɓa ruwan wanke-wanke. Shekara biyu muna tare bai taɓa ɗaga mini murya ba, abin da wani lokacin ma haushi yake ba ni.

Ranar bikin tsakiyar bazara ya yi maganar, a kicin ɗin Mama mai fenti ruwan ɗorawa, inda agogon bango yake gaba da minti bakwai tun ina firamare kuma babu wanda ya taɓa gyara shi. Ina sanye da farar doguwar riga mai zanen shuɗin fure, rawanin furannin da ke kaina ya riga ya yi yaushi. Baƙi na waje suna waƙa sun ƙoshi da dankali da kifi. Shi yana wankewa, ni ina gogewa.

"Tuva," ya ce, bai ko ɗago daga tukunyar da yake kankarewa ba, "me zai hana mu yi aure?"

"Da wa?"

"Da juna nake nufi. Amma in kina da wata shawara ina saurare."

Na buɗe baki zan yi dariya. Daidai nan ƙofar kicin ta yi ƙara, Mama ta bayyana.

"Ni ban ji komai ba," in ji ta. "Wuƙar kek na zo ɗauka."

Wuƙar fa tana hannunta.

"Sai na dawo daga tafiya," na ce.

"Wace tafiya?" suka haɗa baki.

Ni ma a lokacin na fara jin labarinta.

Tun daga ranar Mama ba ta bar ni na sha ruwa ba. "Kullum kina karɓar 'ya'yan mutane kina miƙa musu," ta ce da ni ranar da nake haɗa kaya, tana cusa mini rigar ulu mai ruwan toka da ta saƙa, "ni yaushe za a miƙo mini nawa?" Da na shiga daji kuwa sai ta koma waya. Duk tudun da na hau waya ta ɗan kama, saƙonninta ne ke fara rige-rigen shigowa.

"Na tambaya a coci, Asabar ta biyu a watan Yuni babu kowa. Tambaya kawai na yi."

"Hoton da kika turo wuyanki a buɗe yake. Ina rigar?"

"Arvid ya zo ya gyara mini famfo. Bai gyaru ba, amma ya yi ƙoƙari. Irin wannan ba ya daɗewa a kasuwa, na dai faɗa miki."

Shi kuwa gogan alƙawari ya yi ba zai dame ni ba, kuma ya cika. Duk Lahadi hoto ɗaya yake turowa, na tukunyar furen da na bar masa ya riƙa ba wa ruwa. Ko kalma ɗaya ba ya haɗawa. A mako na biyu furen ya fitar da sabon ganye, na zauna a kan dutse ina kallon hoton har sanyi ya kama mini yatsu.

Da yawanku kun tambaye ni, to in kina son sa mene ne na jan rai? Ina son sa, wannan ba abin tambaya ba ne. Kaina ne ban yarda da shi ba. Na taɓa barin mutumin da ya fi kowa ƙaunata a bakin ruwa na yi tafiyata, kuma tsoro nake ji wata rana in yi wa Arvid haka.

Babana, Torsten, Allah ya jiƙansa, direban jirgin ƙasa ne. Tun ina 'yar shekara tara, duk ƙarshen bazara sai ya ɗauke ni mu shiga duwatsu mako biyu, mu bar Mama da saƙarta. Har yanzu in na rufe ido ina ganin jar rigarsa ta ruwa a gabana, da kofin katakon da yake ratayawa a ɗamara, da yadda yake yanka cuku ya jefa cikin ruwan kofi mai zafi ya ce wanda bai iya shan sa haka ba bai isa hawa dutse ba. Ba mai yawan magana ba ne. Sai mu yi tafiyar wuni guda abin da ya fito daga bakinsa bai wuce "kula da santsi" ba. Amma ban taɓa jin kaɗaici a bayansa ba.

A Tafkin Lomjaure ya koya mini tuƙi ina shekara goma, daga nan ya laƙaba mini Kyaftin. Tafkin nan ya raba hanya biyu, babu gada, babu jirgi mai inji. Kwale-kwale uku ne na katako, kuma dokarsu guda ce, kowa ya san ta: kada ka bar gaɓa babu ko ɗaya. In ka iso ka tarar da biyu ka taki sa'a, ɗauki ɗaya ka wuce. In ɗaya ka tarar, sai ka haye, ka ɗauro wani a bayanka ka dawo da shi, sannan ka sake hayewa. Sau uku ke nan, wajen awa biyu da rabi in ruwa a kwance yake. Babu mai gadi, babu mai ganin ka. Sau biyu muna tarar da ɗaya ni da Baba, ina ƙunƙuni yana tuƙi, abin da kawai yake cewa shi ne, "Akwai na bayanmu, Kyaftin."

Shekarar da na cika goma sha tara muka yi tafiyarmu ta ƙarshe. A lokacin na yanke shawarar barin karatun jinya in bi wani makaɗin ganga mai suna Ruben zuwa Berlin. Kada ku tambaye ni, ƙuruciya ce da dogon gashi. Sai da muka kafa tanti a gaɓar kudu ta Lomjaure na gaya wa Baba. Yana juya miya a kan risho, bai ɗago ba.

"Kin bar makarantar kiɗa," ya ce. "Kin bar ninƙaya. Yanzu kuma karatu. Ke dai fara abu kika iya."

Shi ke nan abin da ya faɗa. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Da asuba na naɗe kayana yana barci. Kwale-kwale ɗaya ne a gaɓarmu. Na tura shi ruwa na haye, iska na dukan gefena, zuciyata na tafasa. Da na isa na tarar da sauran biyun a ɗaure. Na tsaya da igiya a hannu na waiwaya, na hango ɗigon ja a can gaɓar da na baro. Ya tashi, yana tsaye a bakin ruwa. Jama'a, ba mantawa na yi ba, kada wani ya nema mini uzuri. Na san doka sarai. Na ɗaure na ukun kusa da 'yan uwansa, na goya jakata na kama hanya.

Sai washegari da la'asar wasu matafiya suka zo daga arewa suka kai masa kwale-kwale. Wannan ma a bakin Mama na tsinta, wai "ya ɗan maƙale a hanya". Da ya dawo gida ya cire takalmansa ya jera a kan jarida, ya dube ni ina tsaye a bakin kicin, ya ce, "Akwai kofi?"

Bai taɓa tayar da maganar ba, ni ma ban taɓa ba. Berlin wata biyar ta yi ta watse. Na dawo na ƙarasa karatuna, ya zo bikin yaye mu da laktaye a karkace yana ta ɗaukar hoton da rabin kaina ba ya ciki. Amma ba mu sake shiga duwatsu ba. Duk watan Agusta sai ya fito da takalman tafiyarsa ya shafa musu mai a baranda, ya bar su su sha iska, ya mayar cikin kabad. Ina gani, in kawar da kai. Shekara tara muna haka, kullum ina cewa baɗi zan ba shi haƙuri. Shekara uku da suka wuce zuciyarsa ta tsaya yana kwashe ƙanƙara a ƙofar gida, ni kuma ina asibiti ina karɓar haihuwar 'yan biyu.

To kun ji dalilin tafiyar. Na gaya wa kaina sai na je Lomjaure na yi hayin nan sau uku, ko da kwale-kwale biyu na tarar, sannan in san ko ni mutum ce da za a iya aura.

Ranar Alhamis da ta wuce, kwana na ashirin da ɗaya da fara tafiya, na gangaro ta cikin kurmin da ke saman tafkin. Ganyaye duk sun koma ruwan ɗorawa, kawunan duwatsu sun yi fari da ƙanƙarar farko, sauro ya ƙare. Ina sanye da jar rigar Baba, na naɗe hannun sau biyu, ta Mama kuma tana ciki, don haka a gaya mata ta kwantar da hankalinta. Kofinsa na rataye a ƙuguna yana bugun cinyata. Warin wurin bai canza ba, jiƙaƙƙen ganye da laka. Har dutsen da muke zama mu cire tsakuwa daga takalmi yana nan inda yake.

Na fito bakin ruwa da misalin sha ɗaya na safe. Babu kwale-kwale.

Ba ɗaya ba, ba biyu ba. Turke ne kawai da zobensa na ƙarfe, sai sawun da gindin kwale-kwale ya bari a kan tsakuwa. Na ɗaga waya na jawo hoton ɗaya gaɓar, ga su can su uku a jere kamar an yi musu layi.

Na ajiye jaka na fara zagi. Na zagi wanda ya yi wannan aiki, na zagi tarbiyyarsa, na ce wane irin mara mutunci ne zai haye ya bar na bayansa, ba shi da uwa ne, ba shi da uba ne da zai koya masa? Ina cikin ɗaga murya, duwatsu na maido mini, sai na ji abin da bakina ke faɗa. Na zauna daɓas a kan tsakuwa, dariya ta zo, kuka ya biyo ta, na rasa wanne zan fara.

Ruwan sama ne ya tashe ni. Akwai wata 'yar bukkar katako a bayan turken, ta masu fakewa. Duk zuwan da muka yi ban taɓa shiga ba, don Baba cewa yake ta waɗanda suka shiga uku ce, mu muna da tanti. Na tura ƙofa. Benci ɗaya, murhun ƙarfe, tsintsiya, sai taga ƙarama mai kallon tafki. Bangon kuwa ko'ina rubutu ne, sunaye da ranaku da zanen zuciya, har da wanda ya yi wa ƙafarsa ta hagu wasiyya. Na duba abincina, na kwana biyu ya rage in na yi tsimi. Na haɗa kofi, na ja jiki ƙarshen bencin, don nan ne kaɗai mutum zai zauna ya ga ɗaya gaɓar.

Na fi awa biyu a wurin ina kallon ruwa. Can na jingina kaina da katakon taga, idona ya sauka a kan wani rubutun fensir ƙasa-ƙasa, daidai inda hannun mai zama zai kai. Manyan baƙaƙe ne a tsaye ƙyam, irin na mutumin da ya shekara talatin yana cike takardar aikin jirgi. Tun kafin in karanta na gane rubutun Baba ne.

"9 ga Satumba. Kyaftin ta haye ita kaɗai, iska daga yamma, minti arba'in da biyu. Ko sau ɗaya ba ta karkace ba. Ni na koya mata."

A ƙasansa kuma:

"10 ga Satumba. Har yanzu ina nan. Kofi ya kusa ƙarewa. Bakina ne ya ja mini. T."

Wayyo Allah, Baba. Shekara goma sha biyu ina ganin ɗigon jan nan a mafarki, ina cewa yana tsaye yana tir da haihuwata. Ashe agogo yake dubawa. Na ɗora tafina a kan rubutun na yi kukan da ban yi ba ranar jana'izarsa, irin mai majina da shessheƙa, babu kyan gani ko kaɗan. Na yi kewar sa har ƙirjina ya yi ciwo. Na yi kewar miyarsa mai gishiri, da warin man takalminsa, da "kula da santsi".

Wajen ƙarfe uku ruwan ya ɗauke. Na goge tagar da hannun riga, sai na ga wani abu ya rabu da ɗaya gaɓar. Kwale-kwale ne, yana jan wani a baya. Na fito da gudu.

Jama'a, na ga tuƙi iri-iri a rayuwata, ban taɓa ganin irin wannan ba. Ya yi gabas, ya dawo yamma. Ya tsaya ya zagaya sau ɗaya a wuri guda, na bayan ya zo ya buge shi. Mai tuƙin yana cikin rigar kariya ruwan lemo da ya ɗaure har wuya, kuma da yake mai tuƙi baya yake ba inda za shi, ƙeyarsa kawai nake gani. Fiye da awa ɗaya ina tsaye ina cizon yatsa. Da ya matso inda murya za ta kai, na kasa haƙuri.

"Malam! Ja da hagu! Hagu na ce, ɗaya hagun!"

Ya waiwayo a firgice. Kunnuwan nan masu fiffike, da koriyar hular da ni na saya da kuɗina. Arvid ne.

"Tuva?"

Filafilin ya suɓuce daga hannunsa.

"Kama shi! Kama filafilin, sakarai!"

Sai da na shiga ruwa har gwiwa na jawo su, ruwan da sanyinsa ke shiga har ƙashi. Ya fito yana tangaɗi, fuskarsa ta yi fari fat, sabon takalminsa ko takardar kuɗin ba a gama cirewa ba.

"Me kake yi a nan?"

"Ni ya kamata in tambaya. Mamanki ta ce sai jibi za ki iso."

"Mama ce ta turo ka."

"Ta ce in zo da zobe in durƙusa a kan dutse, wai ta gani a talabijin." Ya share hanci da bayan hannu. "Zoben yana gida cikin durowa. Burodin kirfa kawai na karɓa. Niyyata in ajiye miki a bukkar da ke can tsallake da 'yar takarda, in juya kafin ki zo. Na yi alƙawari ba zan dame ki ba. Guda goma ta bayar, na ci uku, hanyar ta fi yadda aka faɗa mini."

Na tsaya ina kallon sa, ruwa na zuba daga wandona.

"Tsaya. In ba ka san ina nan ba, wa ka kawo wa kwale-kwale?"

"Oho. Allon da ke can ya ce ɗaya a kowace gaɓa. Na ƙirga na ga uku. Na sake ƙirgawa, uku dai. Na zauna awa guda ko wani wanda ya iya zai zo, babu wanda ya zo. Sai na ce ƙila akwai wani a can yana jira."

"Ka taɓa tuƙa kwale-kwale?"

"Na taɓa ganin ana yi."

"Ka iya ruwa?"

"Tuva, don Allah kada ki tuna mini."

Na kamo hannuwansa na juya. Tafin duka biyun ya yi bororo ya fashe, jini da ruwa. Hannun da ko lemo ba ya ɓarewa sai da wuƙa.

"Piyano nawa gare ka mako mai zuwa?"

"Huɗu. Za su jira, ba inda za su."

Na ja shi cikin bukka, na wanke masa na naɗe da bandeji, yana ta "a hankali, a hankali" kamar mai naƙudar fari. Da na gama na ce ya matsa ƙarshen benci ya karanta. Sannan na gaya masa komai, tun daga miyar har igiyar da na ɗaure. Ban rage ko ɗaya ba.

"To ka ji irin matar da kake nema," na ce. "Wata rana ina iya tashi da asuba in bar ka a tsaye."

Ya sake karanta rubutun, leɓensa na motsi.

"Minti arba'in da biyu," ya ce. "Ni awa ɗaya da minti hamsin na yi."

"Arvid, da gaske nake."

"Ni ma. Kin yi kwana ashirin da ɗaya a ƙafa, kina cin abin da ko kare zai yi tunani kafin ya ci, don ki dawo da kwale-kwale guda. Mai barin mutum ba ta yin haka. Kin dai makara, shi ke nan. Kuma ga dukkan alamu shi mai jiran bai riƙe ki ba."

Na lalubo guntun fensir a aljihun jaka, na durƙusa na rubuta a ƙasan na Baba: "Na dawo. Ka yi haƙuri. Kyaftin." Rubutun ya fito kamar na ɗan aji ɗaya. Muka ci burodin kirfa bibbiyu da sauran kofi a kofin Baba, muna karɓa-karɓa.

Ni na ja kwale-kwale ɗaya kan tsakuwa na ɗaure shi a turke, ƙulli biyu yadda aka koya mini, na jijjiga na tabbatar. Na ce wa Arvid ya zauna a baya ya riƙe hannuwansa sama kada ya taɓa mini komai. Iska ta kwanta, rana ta leƙo ta ƙarƙashin gajimare. Filafilan suka zauna a tafina kamar jiya na ajiye su.

Muna tsakiyar tafki ya yi gyaran murya.

"Ba tambaya nake ba fa. Tafiyar taki saura kwana nawa?"

"Takwas."

"To."

Na ja filafili sau uku.

"Dole in koya maka tuƙi," na ce. "Ba zan iya zama da mutumin da ke zagaye a ruwa yana kunyata ni gaban duwatsu ba."

"Zai ɗauki lokaci?"

"Da irin hannun nan naka? Shekara arba'in, in ka dage."

Kunnuwan suka yi ja har sun fi rigar Baba. Ya kalli bandejinsa, ya kalli ruwa, ya kalle ni, idonsa ya ciko.

"Ranar Talata ba ni da aiki," ya ce. "Sai mu fara."

Da gaban kwale-kwalen ya daki tsakuwa, sai na ga ya ɗaga hannu yana duba agogo ta saman bandeji.

"Arba'in da huɗu."

"Da ƙaton mutum a ciki da jaka biyu, ka rubuta wannan ma."

Na ɗaure, na miƙe na waiwaya. Can gaɓar kudu, inda ɗigon ja ya taɓa tsayawa, kwale-kwale ɗaya na kwance a bakin ruwa yana jiran duk wanda zai zo.

Kwana biyu muka yi kafin mu fito titi, Arvid na ɗingishi yana rantsuwar bai gaji ba. Gobe zai hau mota ya koma wurin piyanonsa, ni in ƙarasa kwana shidan da suka rage. Mama ba ta san amsata ba tukuna, kun riga ta ji, don haka ku rufa mini asiri.

Ɗazu da waya ta kama, saƙonninta talatin da ɗaya suka shigo a jere. Coci, rigar ulu, wata ƙawarta mai ɗinkin kayan amare, famfon da har yau yake zuba. Ina wucewa ina dariya har na zo kan na ƙarshe, wanda ta turo ranar Alhamis da safe. Shi ba shi da alamar tambaya ko guda.

"In kin isa Lomjaure ki shiga bukkar, ki duba gefen taga. Babanki ya ce in gaya miki duk ranar da kika koma da ƙafarki, ba kafin nan ba. Shekara goma sha biyu ina riƙe da bakina, Tuva, kin kuwa san ba ƙaramin aiki ba ne a wurina."

Ga ta nan tana kira, karo na huɗu ke nan. Na miƙa wa Arvid ya ce shi ba ruwansa, hannunsa ciwo yake. Bari in share fuskata in ɗauka.